Napster da Shawn Fanning: me ya ƙirƙira, kuma me ya durƙusar da manhajar?

Malam Kabiru:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu zauna a kan Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta intanet, amma mu shiga cikinta sosai, kada mu tsaya ga cewa wani yaro ya girgiza duniya. Shawn Fanning yana da shekara 18, ɗalibi a Jami'ar Northeastern da ke Boston, lokacin da ya fara rubuta manhajar. Ya ajiye karatu, manhajar ta fito a Yunin 1999, zuwa Yulin 2001 an rufe ta. Tambayoyina biyu ne: me ya ƙirƙira da hannunsa? Kuma kotu ce ta kayar da Napster ko yadda aka gina ta? A ganina amsar duka biyun ɗaya ce, wato jerin sunayen waƙoƙin da ke ajiye a sabar kamfanin, babbar kwamfutar da masu amfani ke haɗuwa da ita.

Auwal:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ban ga abin da ya ƙirƙira ba. MP3, tsarin matse sauti ya zama ƙaramin fayil, aikin cibiyar Fraunhofer ce da ke Erlangen a Jamus, su Karlheinz Brandenburg, kuma tun 1995 fayilolin suke ɗauke da wannan suna. Winamp na sauraro ya fito a 1997. Mutane sun daɗe suna musayar waƙoƙi a ɗakunan hira na IRC da rumbunan FTP. Har Lycos ta buɗe shafin neman MP3 a farkon 1999. Ya tarar da komai a shirye.

Sadiya:
Kafin a amsa wa Auwal, a ga lissafin da ya sa abin ya yiwu a 1999, domin ba zai yiwu da sautin faifan CD yadda yake ba.

Faifan CD yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowane samfuri bit 16, a kunne biyu. Idan ka ninka, bit 1,411,200 ke nan a daƙiƙa, kuma tunda bit 8 ne bait ɗaya, kusan megabait 10 da rabi a minti. Waƙar minti 4 ta kai megabait 42. Modem na layin tarho da ake kira 56k, a aikace kilobait 5 ko ƙasa da haka yake saukewa a daƙiƙa. Waƙa ɗaya za ta ci awa 2 da minti 20, layin tarhon gida kuma a toshe.

MP3 a kan kilobit 128 kilobait 16 ne a daƙiƙa. Waƙar nan ta koma megabait 3.8, ta ragu sau 11, tana sauka cikin minti 13 ko kusa. Yadda yake rage ta shi ne ya yanka sautin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa samfuri 1,152, ya raba ta bisa kaifin murya, sannan ya rage kulawa da abin da kunne ba zai ji ba, kamar ƙaramin sautin da babba ya danne a kusa da shi. A kan 128, yawancin manhajojin matsewa suna datse abin da ya haura hertz 16,000. Shi ya sa ƙarar kuge da harafin "s" suke fita kamar da ruwa-ruwa a fayilolin wancan zamani.

Injiniya Nafi'u:
Auwal ƙanena, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, sai dai ka bar matsalar da ta addabi kowa. Shafukan nema irin na Lycos suna zagayawa ne su tattara adireshi, su ajiye. Kafin ka danna, mai fayil ɗin ya kashe kwamfutarsa ko an goge rumbun. Yawancin abin da ka danna matacce ne. Rumbunan FTP da yawa kuma ba sa barinka ka sauke sai ka fara ɗora musu wani abu.

Ga yadda Napster take aiki daki-daki.

Ka buɗe manhajar, sai ta tuntuɓi wata sabar kamfanin ta ƙofa mai lamba 8875, wadda aikinta kawai ta nuna maka sabar da za ka shiga. Ka shiga waccan, galibi ta ƙofa 8888 ko 7777, da sunanka da kalmar sirri, manhajar ta kuma faɗi saurin layinka da ƙofar da kake karɓar baƙi, wadda a ƙa'ida 6699 ce.

Daga nan manhajar ta duba jakar da ka ware don rabawa, ta aika wa sabar bayanin kowane fayil: sunansa, girmansa, kilobit nawa aka matse shi, tsawonsa a daƙiƙa, da wata lambar tantancewa ta MD5. Bayanin kawai take aikawa, waƙar tana nan a kwamfutarka.

Idan wani ya rubuta sunan mawaƙi, sabar ta duba jerin da ke hannunta ta mayar masa da amsa, ba ta wuce 100 ba. Ya zaɓi ɗaya, sabar ta ba shi adireshin IP da ƙofar mai fayil ɗin, kwamfutocin biyu su haɗu kai tsaye. Bait ɗaya na waƙar ba ya bi ta kamfanin.

Abin da ya bambanta ta shi ne wannan: da zarar ka fita, sabar ta share duk fayilolinka daga jerin. Don haka duk abin da mai nema ya gani, mai shi yana kan layi a wannan lokacin. Sabar dillali ce, ta san wanda ke da kaya a yanzu, ta haɗa ku, ba ta ɗaukar kayan. Kuma duk wanda ya sauke waƙa, tana faɗawa jakar rabawarsa, shi ma ya zama mai bayarwa ba tare da ya yi wani abu ba. Haɗa waɗannan biyun a manhaja ɗaya da kowa zai iya dannawa, wannan aikin Fanning ne.

Auwal:
To Injiniya, shi kaɗai ya yi?

Injiniya Nafi'u:
A'a. Manhajar da ke kan Windows shi ya rubuta. Ɓangaren sabar, Jordan Ritter ne ya ɗauki nauyinsa har ya iya jure dubban mutane a lokaci guda, da Ali Aydar. Sean Parker ya riƙe neman masu zuba jari. Da dama daga cikinsu a IRC suka san juna. Kawunsa John Fanning shi ya yi rajistar kamfanin, ya riƙe kashi 70, yaron ya samu 30.

Sadiya:
Kada a ɗauka tafiya take sumul. Saukewa daga mutum ɗaya ce tak. Idan ya kashe kwamfuta kana kashi 90, ta tsaya. Kuma modem yana aikawa a hankali fiye da yadda yake karɓa, iyakarsa kilobit 33.6, don haka idan mai bayarwar ma a layin tarho yake, minti 13 ɗin nan ya zama 16 ko fiye, idan mutum biyu suna ja daga gare shi kuma ya ninka.

Guntulallen fayil ya fi komai yawa. Ya tsaya a rabi, ya zauna a jakar rabawa da cikakken suna, wani ya ɗauka, ya yaɗu. Hanyar gane shi ita ce lissafi: a kan 128, kowane minti kusan kilobait 960 ne. Ka ga waƙar da ka san minti 5 ce tana da megabait 2, ka san an guntule ta. Tambarin ID3 na farko, mai ɗauke da sunan waƙa da mawaƙi, bait 128 ne a can ƙarshen fayil, don haka shi ma guntulallen ba ya zuwa da shi. Sai kuma wanda aka kwafa daga faifai mai zane, yana tsalle ko yana ƙas-ƙas. Sai masu ɗaukar fayil na 128 su sake matse shi a 192, girma ya ƙaru, sauti ya ƙara lalacewa, domin abin da aka zubar a matsewar farko ba ya dawowa.

Injiniya Nafi'u:
A ƙara da katangar tsaro. Idan mai fayil yana bayan katanga, ba za a iya ƙwanƙwasa masa ba, sai sabar ta gaya masa shi ya kira mai nema ya tura masa. Idan dukansu biyu suna bayan katanga, babu yadda za a yi. Saurin layin da ake gani a jeri kuma mutum ne ya zaɓa da kansa, ba a auna ba, har masu layi mai ƙarfi sukan rubuta 14.4 don kada a yi musu dafifi. A farko ma sabobin ba a haɗe suke ba, abin da ke kan wadda ka faɗa kaɗai kake gani.

Inda ta yi ƙarfi shi ne ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in Amurka, masu layin Ethernet na megabit 10. A can waƙa tana sauka cikin daƙiƙoƙi, kwamfutoci kuma suna kwana a kunne. Jami'ar Indiana ta toshe ta a Fabrairun 2000 saboda ta cinye fiye da rabin layin makarantar.

Barista Hadiza:
Malam Kabiru, bari in ɗauki tambayarka ta biyu, domin na yarda da kai rabi ne.

Kamfanonin faifai, ƙarƙashin ƙungiyarsu RIAA, sun shigar da ƙara a Disambar 1999 a kotun tarayya ta arewacin Kalifoniya, gaban Mai Shari'a Marilyn Hall Patel. Ba su ce Napster ta kwafi waƙa da kanta ba. Zargi biyu suka yi: ta san ana take haƙƙin mallaka kuma ta taimaka, sannan tana cin moriyar abin alhali tana da ikon hanawa.

Napster ta dogara da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1984 a shari'ar Sony, wanda ya ce ba a kama mai sayar da na'urar ɗaukar bidiyo tunda na'urar tana da amfanin halal mai yawa. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 9, a hukuncinta na 12 ga Fabrairun 2001, ta yarda cewa gina irin wannan manhaja shi kaɗai ba laifi ba ne. Amma ta ga bambanci. Sony ta sayar da na'ura ta sallami mai saye. Napster kuwa tana tare da mai amfani kowace daƙiƙa, jerin yana hannunta, tana iya bincikensa kamar kowa, tana iya korar mutum. An kuma aika mata da sanarwar fayiloli fiye da 12,000. A nan maganarka ta tsaya daram.

Sai dai akwai abin da ba shi da alaƙa da tsarin gini. An samu wata takarda da Sean Parker ya rubuta a cikin kamfani, yana cewa ya kamata su kauce wa sanin ainihin sunayen masu amfani da adireshinsu tunda waƙoƙin sata suke musaya. Wannan ta rusa duk wata da'awar rashin sani. Binciken da masu ƙara suka gabatar kuma ya nuna kusan kashi 87 na fayilolin masu haƙƙin mallaka ne, fiye da kashi 70 nasu ne.

Alhaji Tukur:
Ku masu injin kuna kallon waya, ku bari a kalli kasuwa. A 1999 cinikin faifai a Amurka ya kai dala biliyan 14.6. Zuwa 2014 ya sauko kusan biliyan 7. Ba Napster kaɗai ta jawo ba, amma daga kanta aka fara. Wannan kuɗin ba na manyan kamfanoni kaɗai ba ne, akwai marubucin waƙa, da makaɗi, da mai haɗa sauti, da yaron shago.

Duk da haka kamfanonin ma da nasu. Mutum yana son waƙa ɗaya, dole ya sayi faifai sukutum a kan dala 15 ko fiye. A Mayun 2000 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta tilasta wa manyan kamfanoni biyar, Universal, Sony, Warner, EMI da BMG, su daina tsarin da ke hana shaguna tallata faifai da rahusa, ta ƙiyasta cewa masu saye sun biya ƙarin dala miliyan 480 cikin shekara uku. Mutanen da ake yi wa haka ne Napster ta tarar.

Auwal:
Alhaji, amma mawaƙa ai sun rabu a kai. Ƙungiyar mawaƙa ta Metallica kaɗai aka fi ji.

Alhaji Tukur:
Sun rabu, gaskiya ne, wasu sun goyi bayanta a fili. Amma ka dubi abin da ya tunzura Metallica: waƙarsu da ba su gama haɗawa ba ta fita ta Napster har gidajen rediyo suka saka. Suka kai ƙara a Afrilun 2000, a Mayu makaɗin gangarsu Lars Ulrich ya kai wa kamfanin sunayen masu amfani fiye da 300,000 a kwalaye, aka rufe asusunsu. Dr. Dre ma ya kai tasa. Wannan batun izini ne, mai aiki shi ke da ikon cewa yaushe aikinsa zai fita.

Injiniya Nafi'u:
Yadda aka tara sunayen nan ma darasi ne. Wani kamfani mai suna NetPD aka ɗauka, ya yi ta nema kamar kowane mai amfani yana rubuta sunan duk wanda ya fito. Tsarin ba ya ɓoye kowa, tunda dole a ba ka adireshin mutum kafin ka sauke daga gare shi.

Malam Kabiru:
Barista, a kai mu ga matakin tacewa, domin a can ne nake ganin hujjata ta fi ƙarfi.

Barista Hadiza:
Patel ta fara ba da umarnin dakatarwa a 26 ga Yulin 2000, kotun sama ta jingine shi bayan kwana biyu. Bayan hukuncin Fabrairu, umarnin da aka gyara ya fito a 5 ga Maris 2001: masu haƙƙi su kawo sunan waƙa, da mawaƙi, da sunan fayil, da shaidar mallaka, Napster kuma ta toshe cikin kwanakin aiki uku.

Injiniya Nafi'u:
Kuma a nan ne abin ya gagara. Sabar ba ta taɓa jin waƙar ba, sunan da mutum ya laƙaba wa fayil kawai ta sani. Aka toshe suna, mutane suka canza harafi ɗaya, ko suka mayar da harafin farko ƙarshen kalma, har aka yi ƙananan manhajoji masu yin haka ga jaka guda. Lambar MD5 ba ta taimaka ba, domin mutum goma su kwafi waƙa ɗaya daga faifai da manhajoji daban-daban, lambobi goma za a samu. Sai aka koma ga tantance sautin kansa, manhajar ta saurari fayil ta fitar da alama a gwada da ta waƙoƙin da aka hana. Wannan ya buƙaci sabuwar manhaja a kwamfutar kowa da kuma toshe tsofaffin. Kamfanin ya gaya wa kotu yana tare kashi 99.4, Patel ta ce sai ya kai babu ko ɗaya. A Yulin 2001 aka kashe sabobin, kuma da aka kashe su komai ya tsaya, tunda babu mai iya gano kowa sai ta hanyarsu.

Malam Kabiru:
To ka ji. Wuri ɗaya ake nema, wuri ɗaya aka kashe.

Barista Hadiza:
Malam, idan tsarin ne kaɗai, da waɗanda suka cire sabar tsakiya sun tsira. Kamfanonin manhajar musaya Grokster da StreamCast sun yi nasara a ƙananan kotuna da wannan hujjar, cewa ba su da jeri ba su da iko. Amma a Yunin 2005 Kotun Ƙoli ta ce duk wanda ya rarraba manhaja da nufin ƙarfafa mutane su take haƙƙi, ya ɗauki alhaki, ko da sabar ko babu. Daga cikin shaidun akwai yadda suka yi ta zawarcin tsofaffin masu amfani da Napster. LimeWire ma umarnin kotu ne ya rufe ta a Oktoban 2010. Cire sabar ya hana a kashe hanyar a rana ɗaya, bai kare kamfani ba. Kuma da aka rasa wanda za a kama a tsakiya, aka juya kan mutane: a Satumbar 2003 RIAA ta kai mutum 261 ƙara a zubin farko.

Injiniya Nafi'u:
Cire sabar ma da tsadarsa. Gnutella, wadda Justin Frankel da Tom Pepper suka saki a Maris 2000, tana tura tambayarka ga maƙwabtanka, su ma su tura gaba, har hawa 7. Idan kowa yana da maƙwabta 4, tambaya ɗaya tana iya haifar da saƙo 4,372. Masu modem suka shaƙe da tambayoyin wasu. Masu bincike a Xerox PARC a 2000 sun kuma gano kusan kashi 70 na masu amfani da ita ba sa raba komai. Kazaa a 2001 ta dawo da dillalin ta wata hanya, ta zaɓi kwamfutoci masu layi mai ƙarfi su riƙe jerin na kusa da su. Rauninta shi ne lambar tantancewarta ba ta rufe dukkan fayil ba, sai aka cika ta da gurɓatattun fayiloli masu kama da na gaske. BitTorrent na Bram Cohen, shi ma a 2001, ya yanka fayil gunduwa-gunduwa, galibi kilobait 256, kowace da lambar tantancewarta ta SHA-1, kana ja daga mutane da yawa lokaci guda, gurɓatacciyar gunduwa a yar a sake nemo ta. Neman fayil kuwa ya bar wa shafukan waje, su aka riƙa kamawa.

Auwal:
Turawar da ake yi a nan ta Xender ko a memori a shagunan masu tura waƙa, iri ɗaya ce da wannan?

Injiniya Nafi'u:
Ta fuskar aiki ba ɗaya ba ce. Xender waya ɗaya ce ke buɗe Wi-Fi ɗaya ta shiga, sai kuna kusa, babu jeri, babu nema. Abin da ke hannun wanda ke gabanka kaɗai za ka samu. Guntulewa da sake matsewar da Sadiya ta bayyana kuwa suna nan yadda suke.

Barista Hadiza:
Ta fuskar doka kuma mai shagon da ke karɓar kuɗi ya kwafa da hannunsa ya fi Napster shiga ciki, shi ne mai kwafar kai tsaye. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kuma tanadi hanyar sanarwa da saukar da abu daga intanet.

Alhaji Tukur:
Abin da ya fi damuna shi ne an kusa sasantawa. Bertelsmann, mai BMG, ta shiga yarjejeniya da Napster a ƙarshen Oktoban 2000, ta ba ta bashi don a gina tsarin biyan kuɗin wata. A Fabrairun 2001, watan da aka ƙiyasta masu amfani sun kai miliyan 26.4, Napster ta yi tayin dala biliyan 1 cikin shekara biyar, kamfanonin suka ƙi. Ina da fahimtar dalilinsu, kamfanin da bai taɓa karɓar sisi daga masu amfani ba da me zai biya? Amma mutum miliyan 26 a wuri ɗaya, da sunayensu da jerin abin da suke so, an bar su sun watse zuwa Kazaa inda babu wanda za a zauna da shi. Napster ta shiga fatara a Yunin 2002, kamfanin manhaja Roxio ya sayi sunan da kadarorin a kan dala miliyan 5 da 'yan kai. Sai Afrilun 2003 Apple ta buɗe shagon iTunes, waƙa ɗaya santi 99, ta sayar da miliyan ɗaya a makon farko.

Sadiya:
Kuma ingancin ne ya jawo mutane can. Fayil cikakke, suna daidai, sauti bai tsalle, yana sauka cikin sauri.

Malam Kabiru:
Shi Fanning fa, Injiniya? Na san ya koma kan wannan matsala.

Injiniya Nafi'u:
Ya koma. Bayan faɗuwar Napster ya kafa Snocap tare da Jordan Mendelson. Rajista ce ta tsakiya: mai waƙa ya yi rajistarta, a ɗauki alamar sautinta, ya faɗi sharaɗinsa, a sayar a kan kaza ko a hana gaba ɗaya. Duk manhajar musaya da ta haɗu da Snocap za ta tambayi rajistar kafin ta bar fayil ya wuce. Universal ta sa hannu a 2004, MySpace ta ɗauke shi a 2006 don mawaƙa su sayar daga shafukansu. Inda ya maƙale shi ne manyan hanyoyin musaya ba su da dalilin shiga, domin duk wadda ta fara tacewa masu amfani da ita za su gudu zuwa wadda ba ta yi. A 2008 aka sayar da Snocap ga shafin sauraron waƙoƙi na imeem.